Darasi na 14: Yadda Ake Dafa Acha

Karatu

Acha wani nau'in hatsi ne mai ƙananan ƙwayoyi. Ƙwayarta ba ta kai ta gero girma ba, kusan daidai take da ƙwayar yashi. A Nijeriya ana noma ta a jihohin Filato da Bauchi da Nasarawa da kudancin Kaduna. A duk duniya kuwa, ƙasar Gini ce ta fi kowa noma ta. Acha tana yi ko a ƙasa mai duwatsu, kuma akwai irin da ke nuna cikin wata biyu. Saboda haka takan ceci manomi idan rumbu ya yi ƙasa, kafin gero da dawa su nuna.

Ba a noma acha a Legas. Manyan motoci ne ke kawo ta daga Arewa zuwa kasuwanni irin su Mil 12, daga nan ta isa unguwannin Hausawa kamar Agege, inda ake auna ta a mudu ko a gwangwani. Ta fi gero da masara tsada, domin surfenta yana da wuya. Wanda ya ɓata tukunyar acha ya yi asarar kuɗi, ya kuma bar iyali da yunwa.

A manyan kantunan Legas akan ga wani hatsi na ƙasashen waje mai suna kinuwa, wanda ake nomawa a Peru da Bolibiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarar 2013. Shi ma dole ne a wanke shi kafin a dafa, domin bayansa yana da ɗaci. Matsalar acha kuwa yashi ne. A ƙasa ake sussuka ta, a nan take haɗuwa da yashi, ga shi kuma rariya ba ta iya raba su tun da girmansu ɗaya. Ruwa ne kaɗai ke raba su, domin yashi ya fi acha nauyi.

Kayan haɗi

Acha kofi 2, ruwa kofi 3, man gyaɗa cokali 1, gishiri kaɗan. Wannan ya ishi mutum 4.

Yadda ake rairaya

1. A zuba acha a ƙwarya, a sa ruwa, a murza ta da hannu.
2. A tsiyaye ruwan da dusar da ta taso. A maimaita har ruwan ya yi garau.
3. A sake zuba ruwa, a karkata ƙwaryar, a riƙa jijjiga ta a hankali. Acha za ta bi ruwa ta gangara cikin wata ƙwarya, yashi ya kwanta a ƙasa.
4. A zubar da yashin, a sake rairaya sau 3 ko 4, har sai an daina ganin komai a gindin ƙwarya.
5. A juye ta a kan tsumma mai tsabta ta tsane.

Yadda ake dafawa

1. A tafasa ruwa tare da mai da gishiri.
2. A zuba acha, a juya sau ɗaya.
3. A rufe tukunya, a rage wuta sosai, a bar ta minti 5.
4. A sauke, amma kada a buɗe murfi sai bayan wani minti 5. Tururi ne zai ƙarasa dafa ta.
5. A warware ta da cokali mai yatsu.

Idan an bi waɗannan ƙa'idoji, acha za ta fito washar-washar, a ci da miya ko da mai da yaji. Idan ruwa ya yi yawa sai ta caɓe, idan wuta ta yi yawa sai ta kama. Ban da wannan, ana yin tuwon acha da kunun acha, da kuma faten acha wanda ake sa wa yakuwa da alayyafo da gauta. Kowanne daga cikinsu da rairaya ake fara shi.

Tattaunawa

'Ya: Inna, na wanke achar. In ɗora tukunya?
Uwa: Sau nawa kika rairaye ta?
'Ya: Sau ɗaya, Inna. Ai ruwan ya yi garau.
Uwa: Sa yatsa a gindin ƙwaryar, 'yar nan. Me kika ji?
'Ya: Kai! Ashe da sauran yashi.
Uwa: To kin gani. Da kin dafa ta haka, da babanku ya tauna yashi a lomar farko, kowa ya tsame hannu. Sauri ya haifi nawa. Sake rairaya.
'Ya: To, Inna.

Sababbin kalmomi

Rairaya: raba hatsi da yashi ko tsakuwa a cikin ruwa.
Surfe: daka hatsi a turmi domin cire dusa.
Sussuka: raba ƙwayar hatsi da zangarniya.
Tsane: ruwa ya gama fita daga jikin abu.
Caɓe: abinci ya yi ruwa-ruwa, ya manne da juna.
Kama: abinci ya ƙone ya manne a gindin tukunya.
Washar-washar: kowace ƙwaya daban, ba a dunƙule ba.

Nahawu

Idan ana ba da umurni ba tare da an ambaci wanda zai yi aikin ba, ana fara jimla da "a". Idan hani ne, sai a ce "kada a". Dubi waɗannan misalai:

Ga mace: Ki rufe tukunya. Kada ki buɗe murfi.
Ga namiji: Ka rufe tukunya. Kada ka buɗe murfi.
Ga kowa: A rufe tukunya. Kada a buɗe murfi.

Tambayoyi

1. Ambaci jihohi 3 da ake noma acha a Nijeriya.
2. Me ya sa rariya ba ta iya raba acha da yashi?
3. Don me ake wanke kinuwa kafin a dafa shi?
4. Kofi nawa na ruwa ake bukata domin dafa acha kofi 4?
5. Mece ce ma'anar "Sauri ya haifi nawa"?

Aiki

(a) Mayar da waɗannan jimloli zuwa umurnin kowa: Ki rage wuta. Ku tsiyaye ruwa. Kada ka cika gishiri.
(b) Tambayi wata mai sayar da hatsi a unguwarku farashin mudun acha da na gero da Hausa, sannan ka kawo amsar aji.
(c) Rubuta yadda ake dafa wani abinci na garinku cikin jimloli 6, kowace ta fara da "a" ko "kada a".