Martin Davis: Malamin Lissafin Da Dabararsa Ke Tantance Ƙwaƙwalwar Na'urori

Kafin kamfani ya fara buga ƙwaƙwalwar waya ko ta kwamfuta da yawa, sai injiniyoyi sun tabbatar babu kuskure a tsarinta, domin idan an buga miliyoyi babu damar gyara. Ɗaya daga cikin manhajojin da suke dogara da su wajen wannan bincike ana kiranta SAT solver, kuma asalin dabararta na komawa ga wani malamin lissafi ɗan Amurka, Martin Davis.

An haifi Davis a birnin New York a 1928. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1950, a hannun Alonzo Church, malamin da shi ma Alan Turing ya yi nasa a wajensa. Fanninsa shi ne manɗiƙi, wato ilimin gane ko hujja ta tsayu ko ba ta tsayu ba. A 1954 ya rubuta manhajar da ta sa kwamfuta ta kafa hujjar cewa idan aka tara lambobi biyu da kowace ke rabuwa biyu daidai, jimillar ma za ta rabu biyu. Ɗan firamare ya san haka, amma a wancan zamani ganin na'ura ta kafa hujja da kanta ba ƙaramin abu ba ne.

A 1960 shi da Hilary Putnam suka fitar da hanyar warware tambayoyin "e ko a'a" masu sarƙaƙiya. Da aka zo gwada ta a kwamfutar IBM 704, sai ta cinye ma'adanar na'urar. Shi ya sa a 1962 Davis da George Logemann da Donald Loveland suka sake mata fasali, aka samu abin da ake kira DPLL, daga haruffan farko na sunayen su huɗun.

Ga yadda take aiki. Ka ɗauka kana da makunni uku, A da B da C, da sharuɗɗa uku: dole A ko B ya kasance a kunne, idan A na kunne, dole a kunna C, ba a yarda A da C su kasance a kunne tare ba. Manhajar za ta yi canke, ta kunna A. Sharaɗi na biyu ya tilasta mata kunna C, na uku kuma ya karye nan take. Sai ta dawo baya ta kashe A, sharaɗi na farko ya tilasta kunna B, shi ke nan an samu amsa.

Lura da cewa canke ɗaya da ya faɗi ya kawar da duk haɗuwa huɗu da A ke kunne a cikinsu, ba tare da an gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Makunni 3 na da haɗuwa 8 kacal, amma 30 sun haura biliyan ɗaya, ita kuwa ƙwaƙwalwar waya ta wuce nan nesa ba kusa ba. Ba kullum dabarar ke da sauri ba. Har yau babu wanda ya samo hanyar da ke warware kowace irin wannan tambaya cikin gaggawa. Duk da haka, manyan manhajojin SAT na zamani a kan ginshiƙin 1962 aka ɗora su.

Abin da ya fi cin ran Davis kuwa shi ne tambaya ta goma cikin waɗanda David Hilbert ya jefa wa masana a 1900. Ya shafe kusan shekara 20 a kanta, tare da Putnam da Julia Robinson, har wani matashi ɗan Rasha mai shekara 22, Yuri Matiyasevich, ya ƙarasa aikin a 1970.

Davis ya koyar a Jami'ar New York daga 1965 zuwa 1996. Bayan ritaya ya ci gaba da rubutu da gabatar da lacca, har ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2023, yana da shekara 94.