Jagorancin Rukunin Ɗalibai a Binciken Fage

Yawancin cikas ɗin da rukunin ɗalibai masu bincike kan samu daga rabon aiki yake tasowa. Alal misali, a ɗauka malami ya tura ɗalibai shida zuwa masana'antun Challawa, a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, domin tattara kalmomin ma'aikatan kamfanonin jima. Idan ya sake su haka nan, biyu za su yi aikin, huɗu su sa suna.

Don haka wajibi ne kowa ya san nauyin da ke kansa tun kafin a fita: mai tambaya, mai naɗar murya, da mai rubutawa. Malami ne zai nemi izinin hukumar kamfani a rubuce, ya kuma tsayar da lokacin hira ya dace da hutun ma'aikata, domin ƙarar injuna kan cinye magana.

Zaman bita kuwa a ranar ake yin sa, kafin mantuwa ta shiga. A nan ne za a daidaita rubutun kalmomin aro, a kuma ware kalmomin majema na gargajiya, masu jima da bagaruwa, daga na kamfani, inda sinadarin kuromiyam ya maye gurbinta. Kalmar da ɗalibi ɗaya kaɗai ya ji, sai a koma a tabbatar da ita.