GANSAKUKA MAI DAFI A TAFKUNA DA MADATSUN RUWA

Bayani ga Hakimai da Malamansu

Idan rani ya yi nisa, rafuka suka ƙafe, jama'a da dabbobinsu sukan koma ga tafki, da kududdufi, da madatsar ruwa. A wannan lokaci ne a kan wayi gari wani sa'i a tarar da fuskar ruwan ta zama kore shar, kamar an kwarara fenti. Galibin mutane ba su kula, sai su ce ai gansakuka ce, su kore ta da ƙwarya su ɗebi ruwa. To, gansakuka iri iri ce. Akwai wadda ba ta cutar kowa, akwai kuma wadda ta kan kashe saniya kafin makiyayi ya kai ta ruga. Lalle ne kowane hakimi ya san bambancinsu, domin shi za a fara kawo wa labari.

Asalinta

Wannan mai dafin ba tsiro ba ce, ko da ya ke ta yi kama da shi. Ƙananan halittu ne ƙwarai, dangin ƙwayoyin cuta, waɗanda ba a ganin ɗayansu sai da madubin likita. Masana suna kiransu sayanobaktiriya. Da hasken rana su ke haɗa abincinsu kamar yadda ganye ya ke yi, kuma a jikin waɗansunsu akwai 'yan jakunkunan iska masu taso da su sama idan ruwa ya kwanta. Kullum suna nan cikin ruwa kaɗan kaɗan ba su damun kowa. Ɓarna ta kan zo ne in sun sami abu uku a haɗe, watau zafi, da ruwa marar gudu, da taki. Takin nan kuwa shi ne kashin shanu da fitsarinsu a bakin ruwa, da takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, da abin da ke tsiyayowa daga shadda da wurin wanki. A cikinsu duka akwai fosfaras da naitirojin, abincin da halittun nan su ke bukata. In sun same shi, cikin 'yan kwanaki sai su rufe tafki.

Masu kiwon kifin teku da murjani cikin akwatunan gilashi a Turai da Amurka sun san wannan sarai, don akwai wata ja mai yauƙi, 'yar'uwar wannan, da ta kan shimfiɗu a kan yashi da duwatsun akwatin ta shaƙe murjanin. Sun lura ta kan fara ne daga lungun da ruwa ba ya motsi, inda ragowar abincin kifi ya ke ruɓewa. Abin da su kan yi shi ne su zuƙe ta da mesa, su sake wani kashi na ruwan, su rage abinci, su ƙara gudun ruwa, wani lokaci su rufe akwatin ya zauna cikin duhu kwana uku. Wanda ya zuba magani kawai bai gyara waɗannan ba, ba a daɗewa ta ke dawo masa. Tafki ma haka ya ke, sai dai shi ba a iya rufe shi da bargo.

Ɓarnar da ta yi

Tun a shekarar 1878 wani masani, George Francis, ya rubuta labarin tumaki da dawaki da karnuka da suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a kudancin Ostareliya. A 1991 ta rufe kogin Darling na wannan ƙasa har tsawon fiye da mil 600. A 1996, a garin Caruaru na Barazil, masu ciwon ƙoda fiye da 50 suka rasu, saboda ruwan da aka wanke musu jini da shi yana ɗauke da dafinta. A watan Agusta na 2014 an hana mutanen birnin Toledo na Amurka, wajen 400,000, shan ruwan famfo har kwana uku. A 2020 kuma giwaye fiye da 300 suka mutu a arewacin Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce binciken da aka yi ya nuna dafin nan ne a ramukan da su ke shan ruwa. Abin da ya kā da giwa, ba a tambayar abin da zai yi wa tunkiya.

Dafin iri biyu ne manya. Ɗaya jijiya ya ke kamawa: dabba ta yi ta rawar jiki, tana dalalar da yawu, tana tangaɗi, numfashi ya gagare ta, ta faɗi, wani lokaci tun ba ta bar bakin ruwan ba. Ɗayan kuma, wanda a ke kira maikrosistin, hanta ya ke ci, ya kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Dabbar ta kan yi laushi, ta yi zawo da jini, idonta ya yi rawaya. Wadda ta tsira, sau da yawa fatarta ta kan ɗaye a wuraren da ke da fari in rana ta doke ta. Har yanzu ba a sami makarin ko ɗaya ba. Mutum kuwa ya kan sami ƙaiƙayi da ƙuraje in ya yi wanka, amai da gudawa in ya sha, yara ne kuma suka fi shan wuya. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, kada maikrosistin ya wuce maikirogiram 1 a litar ruwan sha, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram.

Yadda a ke gane ta

A tsoma sanda a ɗago. In ta fito da zare zare kamar gashi, galibi gansakukar da aka saba ce, wadda ba ta da dafi. In sandar ta fito kamar an shafa mata fenti, babu zare, to, a yi hattara. Haka kuma a cika kwalba mai tsabta da ruwan a ajiye a wuri mai sanyi a bar ta ta kwana. In koren ya kwanta a gindi, da sauƙi; in ya taru a wuya, ita ce. Inda ta bushe a gaɓa ta kan bar tabo shuɗi shuɗi, da wari kamar na ruɓaɓɓiyar ciyawa. Waɗannan alamu ne kawai. Ido ba ya gane ko dafi ya riga ya shiga ruwa, sai ɗakin awo, saboda haka duk ruwan da ya nuna alamar, a ɗauke shi mai dafi ne har a tabbatar.

Ba dukan danginta ke da illa ba. A ƙasar Kanem, gabas da tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata irinta daga tafkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su yi miya da ita, suna kiranta dihe. Amma wannan ba hujja ba ce ga wanda ya ga kore a tafkin garinsu.

Abin da ya wajaba ga hakimi

Da zarar labari ya zo, hakimi ya aika wa dagaci da ardo a janye dabbobi daga ruwan nan take, a yi shela a kasuwa da masallaci, a kuma sanar da malamin dabbobi da malamin tsabta na ƙaramar hukuma. Iska ta kan tara gansakukar a gefe guda, kuma gefen ya kan sake in iska ta juya, don haka bai isa a ce shanu su koma wancan tsallake ba. A nemi rijiya ko burtsatse a riƙa zuba musu a komi. In babu, a haƙa rijiya nesa kaɗan da gaɓa, domin ruwan da ya ratso ta yashi ya kan rage dafin ƙwarai. Dabbar da ta riga ta sha a tsare ta a inuwa, kare kuwa a wanke shi da ruwa mai kyau tun bai lashe jikinsa ba.

Akwai kurakurai uku da ya kamata a ja kunnen jama'a a kansu. Tafasa ruwan ba ya kashe maikrosistin, tacewa da ƙyalle ma haka. Na biyu, kada kowa ya zuba maganin kashe gansakuka, irin shuɗin nan da a ke yi da tagulla, ba da iznin likita ba, gama in halittun suka mutu fashewa su ke yi su saki dafin duka gaba ɗaya. Haka ya faru a tsibirin Palm na Ostareliya a 1979, inda aka kwantar da yara fiye da 100 a asibiti bayan an zuba shi a madatsar garin. Na uku, kada a feɗe dabbar da ta faɗi, kada a ci, kada a sayar. Mutuwar farat ɗaya tana iya zama ciwon saifa ne ko harbin dawa, malamin dabbobi ne kaɗai zai rarrabe, feɗe mai saifa kuwa baza cutar ne ga mutane. Ko bayan koren ya ɓace, a dakata mako biyu a ƙalla, sa'an nan a nemi izninsa kafin a buɗe ruwan.

Kafin wani rani ya zagayo, a yi shinge a keɓe wa dabbobi mashaya guda, a bar ciyawa ta tsaya a kewayen tafki don ta tare takin gona, a kau da shadda da wurin wanki daga inda ruwa ke gangarowa, a kuma yashe laka in tafkin ya ƙafe.

Malamin hakimi shi zai rubuta rahoto. Ya sa sunan tafkin da ranar da aka fara ganin koren, da launinsa, da gefen da iska ta tara shi, da irin dabbobin da suka kamu da yawansu, da tsawon lokacin da ke tsakanin shan ruwan da faɗuwarsu, da ko akwai mutanen da suka yi ciwo. Ya ɗebi ruwan daga wurin da ya fi kauri, ba da hannu tsirara ba, ya toshe kwalbar, ya rubuta suna da kwanan wata a jikinta, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don kada rana ta taɓa ta, ya aika da ita tare da takardar a ranar.