Girgizar Ƙasa Da Abin Da Za Mu Koya Wa Yara

'Yan'uwana ɗalibai, a cikin darasin labarin ƙasa akan koya mana girgizar ƙasa kamar abin da ya shafi Japan da Chile kaɗai. To, ga shi nan gaba kaɗan za a ba mu aji mu riƙe. In yaro ya tambaye mu ko ƙasarmu tana girgiza, wace amsa za mu ba shi? Amsar ita ce tana yi, ko da yake ba da ƙarfi ba. An ji ta a Ijebu-Ode a 1984, an ji ta a Mpape ta Abuja a watan Satumba na 2018, ni kuwa na ji ta da jikina a garinmu Kwoi.

Ran Lahadi ce, 11 ga Satumba 2016, sa'an nan ina ɗan shekara 13. Muna zaune a ɗaki sai muka ji wani rugugi kamar tsawa, amma daga ƙarƙashin ƙafafunmu yake fitowa. Kwanon rufi ya yi ƙara, kwanuka suka zubo daga kan kanta, ruwan randa ya yi ta kaɗawa. Babana ya ce, "Ku fita waje!" Kafin mu kai tsakar gida har ta lafa. Kashegari ta sāke yi. Daren nan a fili muka kwana, kowa da abin da yake faɗi: wasu suka ce iskokin duwatsu ne suka yi fushi, wasu suka ce ƙarshen duniya ne ya zo. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, ba a sami mutum ɗaya a gidanmu da zai gaya mini dalilin abin ba.

Ga dalilin. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, kamar fasasshiyar ƙwarya yake wadda aka ɗinke. Kowane ɓari yana zaune bisa dutse mai tsananin zafi, yana tafiya a hankali, 'yan santimita a shekara, watau kamar yadda farce yake tsiro. Inda ɓari biyu suka gamu sai su cije, su yi ta matsa juna shekara da shekaru. Ku ɗauki kara ku lanƙwasa: zai jure, zai jure, sa'an nan ya karye farat ɗaya. Karyewar nan ita ce girgizar ƙasa. Nijeriya tana tsakiyar ɓarin Afirka, nesa da bakin ɗinki, shi ya sa tamu ba ta da ƙarfi. Amma duwatsunmu suna da tsofaffin tsagogi, kamar wadda ta taso daga Ifewara ta nufi Zungeru, kuma tsohuwar tsaga takan motsa jefi-jefi.

Wani masani na Amurka, Charles Richter, ya fito da ma'aunin girgiza a 1935. In lamba ta ƙaru da ɗaya, ƙarfi ya riɓanya wajen sau 32. Saboda haka mai lamba 7 ta fi mai lamba 3 wajen sau miliyan ɗaya. Mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta Chile, ran 22 ga Mayu 1960, lambarta 9.5. Duk wanda ya yi wannan lissafi, lalle zai san ɗan Adam ƙaramin abu ne a bayan ƙasa.

Amma ku lura da wani abu. A shekarar nan ta 1960, ran 29 ga Fabrairu da dare, girgiza mai lamba 5.8 kawai ta auka wa birnin Agadir na Maroko. Cikin kamar daƙiƙa 15 mutum fiye da 12,000 suka mutu, har sun fi na Chile yawa. Me ya sa? Domin dab da birnin ta tashi, ba ta da zurfi, mutane suna barci, gidajensu kuwa ba a gina su don jure jijjiga ba. Ashe yawanci gini ne yake kisa.

Ba mu da ikon hana ƙasa motsi, kuma har yanzu ba wanda ya iya faɗin ranar da za ta motsa. Abin da ke hannunmu shi ne mu koya wa yara abu huɗu. Na ɗaya, in suna cikin aji su durƙusa, su shiga ƙarƙashin tebur, su kāre kansu, kada su yi turereniya a bakin ƙofa. Na biyu, in suna waje su nisanci bango da sandunan lantarki. Na uku, in ta lafa su fita fili a hankali, gama takan sāke dawowa. Na huɗu, kada a koma ɗakin da bangonsa ya tsage sai an duba shi.

Ina ba kowane ɗayanmu shawara, lokacin gwajin koyarwa ya shiga aji da kara da fasasshiyar ƙwarya, ya yi darasin nan sau ɗaya. Yaron da ya san dalilin abu, tsoronsa yakan ragu, shi ne kuma zai koma gida ya kwantar wa iyayensa da hankali.