Kafin Kuɗi Su Shigo

'Ya'yana na Samaru da Sabon Gari, amon jitarku yana iso ni da yamma, kuma yana yi mini daɗi. Allah ya yi muku albarka. Kunnenku ya fi nawa, don haka ba zan taɓa zancen sauti ba. Zamanku da juna ne ya dame ni.

Kada wani ya ce muku wannan kiɗa baƙo ne a ƙasarmu. Marigayi Bala Miller, wanda asalin gidansu na nan Zariya ne, ya kafa ƙungiyar Pirameeds a Kaduna a shekarun 1970, ya tara matasa ya horar da su, har aka riƙa nuna shirinsa a NTA. Kuna da magabata.

Sai dai ku ji abin da ya sami wata ƙungiya a Amurka, Creedence Clearwater Revival. Su huɗu ne, biyu daga ciki wa da ƙane, Tom da John Fogerty. A 1969 kaɗai sun fitar da faifai uku, sun kuma yi wasa a babban taron Woodstock. Amma ƙanen ne ke rubuta waƙa, shi ke rerawa, shi ke yanke shawara. Wan ya gaji ya fice a 1971, ƙungiyar ta watse a 1972. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu suna samari ta raba John da mallakar waƙoƙinsa, bai karɓo su ba sai 2023. Tom kuwa ya rasu a 1990, ba su gama shiryawa ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ciki ɗaya suka fito.

Makaɗanmu na gargajiya sun san haka tun da can: in an tashi daga biki, mai kalangu da 'yan amshi kowa ya san kasonsa. Ku ma ku zauna yanzu, tun aljihu babu komai, lokacin da magana ba ta da nauyi. Yaya za a raba liƙi? Jitar da aka saya da karo-karo, ta wa ce idan wani ya tafi hidimar ƙasa? Wanda ya kawo baiti da wanda ya kawo karin, sunan wa za a rubuta? Ku sa a takarda, da shaidu.

Ranar da mai sitidiyo ya miƙo muku yarjejeniya, kada zumuɗi ya sa ku sa hannu a tsaye. Tsangayar shari'a ta ABU tana nan Kongo, lauyoyi ba su yi wa Zariya kaɗan ba. Ku nemi ɗaya ya karanta muku ita layi-layi.