Motar Kara Mai Tafiya da Hasken Rana

Da kaka, idan an yanke gero da dawa, kara ya wadata a gari, sai yara su duƙufa ga ƙera motocin wasa. Haka abin ya ke a 'Yargalma, wani ƙauye cikin ƙasar Bukkuyum ta Jihar Zamfara, haka kuma ya ke a Anka da Gummi. Su kan fere ɓawon kara su soka shi cikin totuwa kamar ƙusa, su yanko ƙafafu daga tsohon silifa. Wani ya yi tifa, wani ya yi bas. Amma kome kyan motar kara, ba ta motsi sai an ja ta da zare.

Wannan abu ya daɗe yana damun wani yaro ɗan aji biyar. Yana da kawu mai gyaran rediyo da fitilu. Ran nan ya je gaishe shi, sai ya tarar ya kwance wata fitila mai sola wadda ta lalace, ya ajiye ɗan farantinta gefe. Farantin nan baƙi ne, fāɗinsa kamar tafin hannu, da wayoyi biyu a bayansa, ja da baƙa.

Yaron ya ce, "Kawu, shi ma wannan ya mutu ne?"

Kawu bai ce masa kome ba. Sai ya ɗauko wani ɗan inji da ya cire daga tsohuwar na'urar DVD, ya haɗa wayoyinsa da na farantin, ya miƙa shi cikin rana. Nan da nan tsinken injin ya shiga juyawa yana ƙugi kamar sauro. Ya dawo da shi inuwa, ya yi tsit. Yaron ya riƙe baki, ya ce, "Ashe zafin rana yana juya inji!"

Kawu ya ce, "A'a, ɗana, ba zafin ba ne, hasken ne."

Gaskiyar kawu kuwa, ko da ya ke manya da yawa su kan yi wannan kuskure. Ana yin farantin sola da wani abu mai suna silikon, wanda a ke tacewa daga irin yashin nan mai ƙyalli. Idan haske ya sauka a kansa sai ya zaburar da wutar lantarki, ta fita ta waya guda, ta ratsa cikin inji, ta komo ta ɗaya wayar. Muddin haske na sauka, wutar ba ta yankewa. Zafi kuwa ba ya ƙara mata kome, har ma farantin da ya gasu ƙwarai ƙarfinsa ya kan ɗan ragu. Wutar ɗan faranti irin wannan ba ta kai ta ji wa mutum ciwo ba.

Kawu ya ba shi farantin da injin, ya tafi gida da murna. Ya haɗa gangar mota da kara, tsawonta kamar taƙi guda. Ya yanka bututun tsohon biro gida biyu, ya ɗaura ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya zura wayar ƙafar keke cikin kowanne, ya soka marfin gora a kowane baki, ƙafafu huɗu ke nan. Ya sa wani marfin a tsakiyar wayar baya, ya ɗaure injin daura da shi, sa'an nan ya zarga siririyar roba daga tsinken injin zuwa marfin nan. Dabarar kuwa ita ce, tsinken siriri ne, marfin kuma mai fāɗi, saboda haka sai tsinken ya juya sau da yawa kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Gudu ya ragu, amma ƙarfin ja ya ƙaru. Daga ƙarshe ya ɗora farantin a bisa, ya zama rufi.

Da rana ta take tsaka ya ajiye ta a ƙofar gida, yaran unguwa suka kewaye. Inji ya yi ƙugi, mota ta ƙi motsi. Yara suka fashe da dariya, wani ya ce a kawo zare.

Yaron bai yi fushi ba, ya zauna ya duba. Ashe garin ado ya lafta mata ƙofofin gwangwani da kujeru, har da direban yumɓu, ta yi nauyi. Ya cire su duka. Ya ga kuma ƙafa guda tana gugar kara, ya matsar da ita. Ya share rairayi ya sami dandali mai tauri, ya sake ajiye ta. Sai ga mota ta zabura, amma da baya! Wannan ciwo maganinsa sauƙi gare shi: ya sauya wayoyin, ja ta koma inda baƙa ta ke, inji ya juya ta ɗaya hannun, mota ta miƙe gaba. Masu dariya suka bi ta a guje suna sowa.

Cikin kwana kaɗan ya gane halinta. Ta fi gudu tsakanin hantsi da azahar. Ranar da hazo ya sauko ta kan yi sanyin jiki, sai ya goge ƙurar farantin da tsumma ta ɗan farfaɗo. Abin da ya fi ba shi mamaki, ko ganye ɗaya ya faɗo ya rufe kusurwar farantin sai ta kusan tsayawa, domin 'yan gidajen da ke cikinsa a jere su ke kamar jerin gwano, in aka tare ɗaya an tare duka. Da magariba kuwa ko motsi.

Saboda haka ya koma wurin kawu ya ce, "Kawu, ka ba ni batirin fitilar nan in fasa, in ga yadda ya ke ajiye wuta, ko motata ta yi tafiyar dare."

Fuskar kawu ta sauya. Ya ce, "Kul, ɗana! Kada ka kuskura. Dalma ce a ciki."

Ba wanda a ke yi wa dogon bayanin dalma a 'Yargalma. A shekarar 2010 aka gane cewa dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurarsa ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai. Yara fiye da 400 suka rasu a 'Yargalma da Dareta da waɗansu ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Likitocin ƙungiyar MSF suka yi ta ba da magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. To, dalmar nan ita ce cikin batirin mota da na babur, da na waɗansu fitilu masu araha, ga kuma ruwan batir mai ƙona fata. Har wayar da masu gyara ke narkawa su liƙe wayoyi, sau da yawa da dalma a cikinta. Don haka kawu ya nuna masa yadda a ke murɗe waya da waya a naɗe da salatif, ba sai an narka kome ba. Ya kuma gargaɗe shi ya riƙa wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, duk ran da ya taɓa tsofaffin kayan wuta.

Da labari ya kai makaranta, malaminsu ya sa aka kawo motar, aka fito fili. Ya gaya musu cewa a 1954 aka fara yin farantin silikon mai amfani, a Amurka. A 1955 kuma wani ma'aikacin kamfanin General Motors mai suna William Cobb ya nuna wa jama'a mota mai tafiya da hasken rana a birnin Chicago. Tsawonta inci 15 ne kacal, da itace marar nauyi aka yi ta, watau ita ma motar wasa ce. A 1987 har an kai ga yin tseren manyan motocin rana a Ostareliya, daga Darwin zuwa Adelaide, tafiyar kilomita wajen 3,000.

Malam na cikin magana sai wata yarinya ta matso don ta gani da kyau, inuwarta ta fāɗa kan motar, ta tsaya cik. Yaron ya ce, "Ja da baya kaɗan, kin tare mata rana." Ta ja da baya, mota ta ci gaba da tafiya har gindin darbejiya.