Darasi: Yadda DAC ke mayar da lambobi sauti ba tare da cinye cajin waya ba

Duk waƙa, karatun Alƙur'ani ko saƙon murya na WhatsApp da ke cikin waya, a ajiye yake a matsayin lambobi, wato sifili da ɗaya. Kunnen mutum ba ya jin lamba, sifika kuma siginar lantarki mai hawa da sauka kaɗai take ganewa. Ɗan ƙaramin sashen da ke fassara tsakanin biyun shi ake kira DAC, ma'ana na'urar mayar da dijital zuwa analog. Ga ɗalibin da ke Wudil, wanda wuta ba kullum take zama ba, kuma sai ya biya kuɗi a shagon caji, yawan wutar da wannan sashe ke ci abu ne da ya shafi aljihunsa.

Yadda yake aiki

A faifan CD, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma yana ɗauke da bit 16, wato matakai 65,536 na ƙarfin sigina. Wayoyin Android galibi sau 48,000 suke amfani da shi. Aikin DAC shi ne ya karɓi kowace lamba ya fitar da ƙarfin wutar da ya yi daidai da ita, sannan amfilifaya ta ƙara wa siginar ƙarfi ta tura wa sifika ko iyafis.

Tsohuwar hanya ita ce tsanin resista da ake kira R-2R: ana jera resista iri biyu, ɗaya ninkin ɗaya, kowane bit yana buɗe ko rufe matakinsa. Hanyar tana da sauƙin fahimta, amma tana buƙatar resistocin su daidaita ƙwarai, kuma wuta na bi ta cikinsu muddin ana aiki. Shi ya sa yawancin wayoyin yau suka koma tsarin delta-sigma, wanda ke amfani da matakai kaɗan amma cikin sauri mai yawa, ya ture hayaniyar zuwa inda kunne ba ya ji. Mafi yawan aikin ya koma ɓangaren dijital, inda rage cin wuta ya fi sauƙi.

Dabaru huɗu na rage cin wuta

Na farko, rage boltej. A da'irar dijital, wutar da ake ci tana bin boltej ne sau kansa. Idan aka raba boltej biyu, cin wuta zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saukowa daga bolt 1.8 zuwa 1.2 kaɗai yana rage fiye da rabi. Sai dai a ɓangaren analog, idan boltej ya yi ƙasa sosai sigina na matsowa kusa da hayaniya, don haka injiniyoyi kan ba kowane ɓangare nasa boltej.

Na biyu, kashe abin da ba a amfani da shi. Da zarar an tsayar da waƙa, cif ɗin sauti yana kashe sassansa, ya farka idan an danna kunnawa.

Na uku, amfilifaya mai bin sauti. Sau da yawa amfilifaya ta fi DAC ɗin kansa cin wuta. Nau'in Class G da Class H da ake sa wa iyafis suna rage boltej idan sauti ya yi ƙasa, su ɗaga idan ya yi sama. Sifikar waya kuwa Class D ake sa mata, wadda ke iya mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ci zuwa ga sifika, maimakon ta zama zafi.

Na huɗu, kada a wuce buƙata. Kowane ƙarin inganci yana da farashi a batir. Wayar LG V20 ta 2016 ta zo da DAC na musamman daga kamfanin ESS, amma an bar wa mai waya zaɓin kunna shi ko kashewa.

Abin lura wajen sayayya

Tun da Apple ya cire ramin iyafis mai milimita 3.5 a iPhone 7 cikin 2016, kamfanoni da dama sun bi sahu. Wannan ya sa a wayoyi da yawa DAC na iyafis ya fita daga cikin waya ya koma cikin adafta. Adaftar USB-C iri biyu ce: mai DAC a ciki, da marar DAC wadda waya ce kawai. Wayoyi irin su Google Pixel da Samsung marasa rami suna buƙatar mai DAC, marar shi ba za ta fitar da sauti ba. Mai saye ya gwada adaftar a wayarsa kafin ya biya, kuma ya riƙa cire ta idan ya gama, domin wutarta daga batirin waya take sha.

Iyafis na Bluetooth kuwa kowane kunne yana da nasa DAC da amfilifaya, a kan batirin da galibi bai kai 100mAh ba, alhali na waya kan kai 5,000mAh. Awannin da yake yi yana aiki sakamakon dabarun nan ne. Rage ƙarar sauti ma yana tsawaita cajinsa, ya kuma kare kunne.

Gwaji ga ɗalibai

Ɗaliban injiniyan lantarki a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka sani da KUST kafin 2022, da duk mai sha'awa, za su iya haɗa DAC mai bit 8 da allon Arduino da resistoci masu 10k da 20k. Zai ba da matakai 256. A auna wutar da yake ci da mita, sannan a sauya resistocin zuwa 1k da 2k a sake aunawa: cin wutar tsanin zai ninka kusan sau goma. Idan kuma aka haura zuwa 100k da 200k, cin wutar zai ragu, amma sigina za ta yi jinkiri kuma hayaniya ta ƙaru. Nemo tsakiyar nan, tsakanin ingancin sauti da ƙarkon batir, shi ne aikin da masu ƙera cif ke yi kullum.